Hoton Fure a Ƙasar Gumel: Lambu, Gona da Daji

Ɗaukar hoton furanni don nishaɗi al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen da ke da lambunan shaƙatawa na jama'a. A Japan, mutane kan cika filaye a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, lokacin da itatuwan ceri ke fure. A Holan, lambun Keukenhof da aka buɗe a 1950 yana karɓar baƙi na kimanin makonni takwas kacal a shekara, kuma da wuya a ga baƙon da bai ɗaga kyamara ba. Tun a 1928 Bajamushe Karl Blossfeldt ya fitar da littafin hotunan tsirrai da ya ɗauka daf da daf, inda toho da ganye suka fito da siffofin da ido bai saba gani ba.

A Nijeriya ma akwai wuraren shaƙatawa, irin su Millennium Park na Abuja da aka buɗe a 2003, da gidan zu na Audu Bako a Kano. Sai dai a nan fure ɗan rakiya ne: amarya ko yaro cikin kayan Sallah shi ne abin ɗauka, fure yana baya. Haka abin yake a situdiyon masu hoto da furanninsu na roba, haka a waƙoƙin finafinan Hausa. Furen da ke yawo a WhatsApp da saƙon barka da Juma'a kuwa galibi wardi ne da aka sauko da shi daga intanet, mai turawa bai taɓa shaƙar ƙamshinsa ba.

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa rairayi ce, damina daga Yuni zuwa Satumba take, ruwan sha kansa sai an yi haƙa mai zurfi. Ba wuri ne na ban ruwa ga furen ado ba. Duk da haka mai sha'awar hoton fure bai rasa abin ɗauka ba. Lambunsa shi ne gona da makiyaya da bakin tafki, kuma wayar Tecno ko Itel da ke aljihunsa ta isa ya fara.

Abin da wannan sha'awa ta fi buƙata a nan shi ne sanin lokaci. Kuka tana fure gab da damina da farkonta: fari ne, babba, yana reto da kai ƙasa, yana buɗewa da almuru, jemagu su ziyarce shi da dare, kafin wani yammacin ya yi yaushi. Wanda bai yi sammako ba sai dai ya tarar da shi a ƙasa. Idan damina ta kankama, tafasa takan fitar da rawaya, duman rafi ya shimfiɗa shunayya a bakin kududdufi, bado ya rufe ruwa. Riɗi, wanda yankin ya shahara da nomansa, yana da fure fari mai sirkin ruwan hoda, a jere a jikin kara. Yakuwa tana biyo baya wajen kaka. Furenta na yini ɗaya ne, mai duhun ja a tsakiya. Jan zoɓon da ake tarawa a Maigatari ana fitarwa har Meziko kuwa kwanson da ya rage ne bayan furen ya faɗi. Gawo ya saɓa wa kowa: yana tsaye tsirara duk damina, sai ruwa ya ɗauke ya yi ganye ya yi fure. Da rani kariya ce ke ɗaukar ido, jan fure a kan kututture maras ganye, ita kuwa tumfafiya kusan ba ta hutu.

Akwai fure ɗaya da ke nuna iyakar kallon kyau zalla, wato ƙuduji. A hoto babu kamarsa, shunayya mai haske tsakanin karan gero da dawa. Ga manomi kuwa annoba ce: saiwarsa tana manne da ta hatsi tana tsotsa tun kafin ya leƙo waje, tushe ɗaya yana zubar da dubban iri masu shekaru a ƙasa ba su mutu ba. Baƙon da ya tsuguna yana yaba shi a gaban mai gona ya nuna bai san abin da yake kallo ba. Hoton ƙuduji mai ma'ana shi ne wanda ya haɗa da tsumburarren geron da ke gefensa.

Ta fuskar addini, saɓanin malamai kan hoto ya shafi masu rai ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai, don haka hoton fure bai shiga wannan taƙaddama ba.

Dabarun ɗauka ba su da yawa. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya sun fi na tsakar rana, wanda ke kashe launi. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana lulluɓe ganye da gilashin waya da ƙura. Matsawa kusa ya fi jawo hoto da yatsa, domin jawowar tana dusashe shi. Ladubban sun fi dabarun muhimmanci: neman izinin mai gona, kiyaye riɗi daga karkaɗewar fure, kauce wa ɗaukar mata masu aiki ba da yardarsu ba. Sannan ga haɗari: nonon tumfafiya yana cutar da ido, na kariya dafi ne, kububuwa kuma tana kwanciya a rairayi da ƙarƙashin ciyawa.

Raunin da ya fi yawa a irin waɗannan hotuna shi ne rashin suna. Furen da aka ɗora a Facebook ba sunan tsiro, ba gari, ba wata, ado ne kawai. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, amma sanin yana hannun makiyaya, masu magani da tsofaffin manoma, waɗanda ke bambance dakwara da bagaruwa daga nesa. Manhajar iNaturalist, da aka fara a 2008, tana karɓar hoto tare da wuri da kwanan wata, masana su taimaka wajen tantance tsiron. Jigawa na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, kuma hotunan da aka adana ta wannan hanya daga Sule Tankarkar ko Gagarawa za su iya nuna waɗanne itatuwa ne ke ci gaba da fure a wurin, da waɗanda darbejiya ta maye gurbinsu.