"Namu organic ne": wace ma'ana mai tallan ke nufi?

Idan kana leƙa Instagram ko TikTok, ba ka rasa cin karo da masu tallan man gyaran fata suna cewa "namu organic ne, babu kemikal". Wannan magana tana da matsala, domin kalmar ba ma'ana ɗaya gare ta ba, kuma masu tallan sun fake ne a tsakanin ma'anonin.

Tushenta Girkanci ne, organon, wato kayan aiki. Daga nan Turanci ya samu organ, sassan jiki irin su hanta da ƙoda, tunda kowanne da aikinsa. Shi ya sa idan likita ya ce ciwo organic ne, yana nufin akwai lahani a wani sashen jiki da za a iya ganowa.

A kimiyyar sinadarai labarin ya fi daɗi. A farkon ƙarni na 19 masana irin su Berzelius na ƙasar Suwidin suna kiran sinadaran da ake samu daga halittu masu rai da wannan suna, da yawansu kuma na ganin sai da rai ake iya haɗa su. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar kowa ba. Yuriyar nan ita ce ta cikin fitsari, ita ce kuma takin da manoma ke saye a buhu. Sannu a hankali ma'anar ta koma sinadarin da aka gina a kan kabon. To ka ga a wajen masanin sinadarai, fetur organic ne, leda ma haka, farasitamol ma haka, har da maganin ƙwari na DDT.

Ma'anar noma ta zo a baya-bayan nan. Wani Bature ɗan Ingila, Lord Northbourne, ya yi amfani da ita a 1940 yana kallon gona a matsayin halitta guda mai rai. Yau a Amurka da Tarayyar Turai akwai doka, akwai masu duba gona, akwai takardar shaida kafin a lika kalmar a jikin abinci. Ko a can ma, bayani ne kan yadda aka yi noman.

Mai man shafawa tana so ka ji ƙamshin wannan ma'ana ta noma, alhali ba wanda ya duba robar da ta kwaɓa a ɗakinta. Abin takaicin shi ne, ko da ta zuba haidirokwinon ko sitiroyid mai ƙarfi, a ma'anar kimiyya ba ta yi ƙarya ba, dukansu organic ne. Haidirokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yana iya bar wa fata baƙin tabo mai wuyar magani. Sitiroyid kuwa yana sa fata ta yi sirara, ta yi nankarwa, ƙuraje su fito, rauni ya daɗe bai warke ba.

Zancen "babu kemikal" ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Ruwa kemikal ne, man kaɗanya tarin kemikal ne. Zaƙami kuma a daji yake fitowa ba taki ba feshi, amma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha.

Saboda haka idan aka ce maka organic ne, juya robar ka duba bayanta. Akwai jerin abubuwan da aka haɗa? Akwai lambar rajistar NAFDAC? Idan kuma aka yi maka alkawarin fari tas cikin mako biyu, ka tambayi me ke ciki, domin kurkum da zuma ba sa wannan aikin.