Karatu Uku a Kan Waƙa Ɗaya: “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya” ta Malam Sa'adu Zungur

Gabatarwa

A cikin rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 20, kaɗan ne suka shiga bakin jama'a kamar “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya” ta marigayi Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, Allah Ya jiƙansa. Ɗan makaranta ya haddace ta don jarrabawa, ɗan siyasa ya tsinko baiti guda daga cikinta ya ƙawata jawabinsa, mai gabatar da shiri a rediyo ya buɗe fili da ita. Sai dai yawan ambato daban, fahimta daban. Ni kaina na karanta wannan waƙa karatu na natsuwa har sau uku a rayuwata, kuma kowane karo da abin da na gani a cikinta. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana waɗannan karatu uku, in nuna inda na yi kuskure, sannan in faɗi abin da nake ganin waƙar take nufi, ko malamai masu koyar da ita za su sami abin ƙaruwa.

Mawaƙin da Zamaninsa

Malam Sa'adu ɗan gidan malamai ne a birnin Bauchi. Ya yi karatun allo da na ilimi mai zurfi, ya shiga Kwalejin Katsina, daga nan ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas a 1934, a lokacin da ɗan Arewa a irin wannan makaranta abin kallo ne. A 1943 yana cikin waɗanda suka kafa dandalin muhawara a Bauchi, inda Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke halarta. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya zauna a Legas ya ga siyasar Kudu da idonsa. Daga bisani ya dawo gida, ya sha fama da doguwar jinya, ya rasu a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai.

Waƙar ta fito ne a wajajen 1950. Mai karatu ya tuna abin da ke faruwa a wannan lokaci. Indiya ta sami 'yanci a 1947, an haɗe masarautunta fiye da 500 cikin sabbin ƙasashe biyu, Indiya da Pakistan, kuma a watan Janairu 1950 Indiya ta zama jumhuriya. A wannan wata dai aka yi babban taron Ibadan kan tsarin mulkin Nijeriya, inda wakilan Arewa suka tsaya sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tsakiya. A watan Agusta na shekarar aka kafa NEPU a Kano, kuma a wannan wata Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da batunsa na a gyara tsarin En'e a Majalisar Wakilai ta Arewa. Tambayar makomar sarakuna tana kan harshen duk wani mai karanta jarida. Wannan tambaya ce sunan waƙar ya ɗauka.

Karatu na Farko: Ɗan Makaranta

Na fara haɗuwa da waƙar a tsakiyar shekarun 1970, ina aji uku na sakandare, cikin ɗan littafin nan Waƙoƙin Sa'adu Zungur wanda aka fara bugawa a Zariya tun zamanin Hukumar NORLA. Malaminmu na Hausa mutum ne mai murya. Ba ya yarda a karanta waƙa kamar wasiƙa, sai an rera. Abin da ya kama ni a lokacin shi ne sautinta: baitoci 'yan ƙwar biyu, gajeru, masu tafiya da sauri, kowane baiti yana faɗawa kan amsa-amo guda, wato “ya”, tun daga farko har ƙarshe. Kunne yakan jira wannan saukar kamar yadda mai daka ke jiran taɓarya ta dira a turmi.

Ma'ana kuwa, abin da na ɗauka guda ne: kiran da mawaƙin ya yi tun a farkon waƙar na a tsaya kan gaskiya komai wahalar da za ta jawo. Sauran baitocin na haddace su ne kawai. Da aka shiga siyasar 1979, muna samari, muna murna da gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali, sai na riƙa ɗaukar waƙar a matsayin takobin talaka a kan sarauta. Hujjata ita ce, ai Malam Sa'adu shi ne wanda Malam Aminu Kano ya ɗauka a matsayin malami a siyasa, don haka duk abin da ya rubuta dole ya zama na yaƙi da sarakuna. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace amsa mawaƙin ya bayar ga tambayar da ke cikin sunan waƙarsa ba. Na karanta sunan marubuci, na bar rubutun.

Karatu na Biyu: Ma'aikacin Gwamnati

Shekaru sun shuɗe, aiki ya kai ni sashen da ke kula da ƙananan hukumomi da al'amuran sarauta. Kafin zuwana an riga an gama sauya komai. Tun ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Wata rana wani dattijon hakimi, wanda a ƙuruciyarsa ya ga mahaifinsa yana yanke hukunci a zaure, ya zauna a kan benci a ƙofar ofishina fiye da awa biyu yana jiran in sa hannu a takardar kuɗin gyaran motarsa. Da na fito na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Ranka ya daɗe, a gafarce mu.” Ya yi murmushi ya ce ba komai, zamani ne.

A daren nan na nemo tsohon littafina na sake karanta waƙar daga farko zuwa ƙarshe, sai na ga abin da ya ba ni kunya. Ashe mawaƙin bai zaɓi jumhuriya ba. Mulukiya ya zaɓar wa Arewa. Yana alfahari da gadon Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana tsoron ranar da za a rushe wannan gini, yana addu'ar kada Allah Ya kawo ta. Na ce wa kaina, to, ashe shekara da shekaru ina jingina wa mutum abin da bai faɗa ba. Daga nan sai na tsallaka ɗaya gefen, na riƙa gaya wa abokan aiki cewa waƙar kariya ce ga sarakuna, kuma 'yan NEPU sun yi mata fassarar son rai. Wannan ma gaggawa ce, domin na karanta ta ne da tausayin dattijon da na bari a kan benci.

Karatu na Uku: Bayan Ritaya

Karo na uku ya zo ne ta dalilin jikana, wanda ya kawo mini takardarsa ta makaranta. An tambaye su jigon waƙar, ya rubuta “siyasa”, aka ba shi maki cikakke. Na tambaye shi, “Siyasar me? Wa yake yi wa magana? Me yake so su yi?” Yaro ya yi shiru. Sai muka zauna muka bi ta baiti bayan baiti, kwana uku muna yi bayan sallar la'asar.

Abin da na gani a wannan karo shi ne, goyon bayan da Malam Sa'adu ya ba sarauta yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne zuciyar waƙar. Mulukiyar da yake nufi ita ce wadda sarki ke mulki da shawara da shari'a da adalci. Yana magana da sarakuna kai tsaye, da ladabin ɗan gida amma ba tare da sassauci ba, cewa ko dai su gyara da kansu, ko kuwa guguwar da ke tafe ta yi musu gyaran da ba za su so ba. Mai son abu ne yake wa masu riƙe da shi gargaɗi. Saboda haka ɗan NEPU da ya ji zafin sukar bai yi ƙarya ba, basaraken da ya ji daɗin yabon gadon Shehu shi ma bai yi ƙarya ba. Kowannensu rabin waƙar ya ɗauka, kamar yadda ni ma na yi har sau biyu.

Zubin waƙar ma yana tabbatar da haka. A tsakiyarta akwai jerin baitoci masu buɗewa da kalmar sharaɗi guda, ana maimaita ta, kowane karo a ambaci wata cuta ta al'umma, kamar karuwanci da roƙo da jahilci da almubazzaranci, sannan a faɗi kunyar da za ta biyo baya muddin aka bar ta. Wannan salon mai wa'azi ne, kuma Malam Sa'adu ya gaje shi daga waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19, waɗanda kan jera laifi da sakamakonsa. Bambancin shi ne, su sukan tsoratar da azabar lahira, shi kuwa ya tsoratar da faɗuwa a nan duniya, a gaban sauran 'yan Nijeriya. A ganina wannan ce babbar gudummawarsa ga rubutacciyar waƙar Hausa: ya ɗauki kayan aikin wa'azi ya yi aikin siyasar zamani da su, bai kuwa zubar musu da kwarjini ba.

Inda Na Saɓa da Mawaƙin

Girmama magabata bai hana a faɗi inda aka ga rauni ba, kuma waƙar da kanta ta hore mu da faɗin gaskiya. Abu biyu ne ba su kwanta mini ba. Na farko, a jerin cututtukan da ya lissafa, kaso mai yawa ya faɗa kan masu ƙaramin ƙarfi, matan da suka bar gida da maroƙa da makamantansu, alhali sau da yawa talauci da auren dole da zaluncin masu iko ne suka jefa su a wannan hali. An nuna miki sosai, ba a tsaya kan abin da ya haddasa shi daidai gwargwado ba. Na biyu, tsoron rinjayen 'yan Kudu yana da ƙarfi a waƙar. A zamaninsa akwai dalili, domin tazarar ilimin boko tsakanin sassan biyu mai faɗi ce ƙwarai. Amma malamin da ya karantar da waɗannan baitoci yau ba tare da bayanin shekarar da aka yi su ba, yana iya shuka ƙiyayya inda mawaƙin ya nufi zaburarwa. Wanda ya yi wa jam'iyyar Azikiwe sakatare ba baƙo ba ne ga Kudu. Abin da ya dame shi shi ne barcin mutanensa.

Tarihi kuma ya ba da tasa amsar. Nijeriya ta zama jumhuriya ranar 1 ga Oktoba 1963. A wannan shekara Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bisa matsin gwamnatin Jihar Arewa, a 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, a 2020 aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II. Sarauta ba ta mutu ba kamar yadda mawaƙin ya ji tsoro, jama'a na nan suna girmama ta, amma iko ya bar fada ya koma gidan gwamnati. Ilimin da ya yi ta kira a nema kuwa, har yanzu shi ne babban gibin Arewa.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana malamai guda uku ce. A sa ɗalibai su rera waƙar, domin rabin ƙarfinta a kunne yake. A ba su labarin shekarar 1950 kafin a tambaye su jigo, kuma littafin Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir na 1974 kan rayuwar mawaƙin da waƙoƙinsa zai taimaka a nan. Sannan a bar su su karanta ta dukkanta, su yi gardama a kan wa take goyon baya, kowa ya kawo baitin da ya dogara da shi. Ni sai da na kai shekara sittin kafin na yi wannan karatu, jikana kuwa ya yi shi yana ɗan shekara goma sha shida. Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.