Riga Sabuwa, Jiki Tsoho: Sharhi Kan Buɗaɗɗiyar Na'urar Wasa a Ƙasar Magarya

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai cajin salula a Magarya ko Dungas bayan sallar La'asar ya san wannan hali: samari huɗu ko biyar sun haɗa kawuna a kan wani ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba, ɗaya yana murza maɓallai, sauran suna ba shi shawarar da bai nema ba. Idan ka tambaye su abin da suke bugawa, za su ce maka PES ce ta bana. Ka leƙa kuwa, sai ka ga gaskiyarsu: ga ƴan wasan bana, ga rigunan bana, wanda aka saya daga wata ƙungiya watan jiya har ya riga ya koma sabon gidansa.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Kamfanin Konami na Japan, mai wannan wasa, bai sake fitar da shi domin na'urar PSP ba tun daga PES 2014, kuma a shekarar 2021 ma ya ajiye sunan PES ɗungurum ya koma eFootball. Ke nan abin da yaranmu suke kira PES ta bana ba daga kamfani ya fito ba. Tsohon wasa ne wanda waɗansu ƴan sa-kai, da yawansu a ƙasar Indonesiya, suke tuɓe wa riga kowace shekara su sa masa wata. Wannan rubutu sharhi ne a kan wannan aiki, da kuma sana'ar buɗe na'ura wadda ta ba shi hanyar isowa gare mu. Ra'ayina a kai guda ne: buɗewar tana da hujja, amma mun buɗe ƙofa mun tsaya a bakinta.

Kulle da mabuɗi

Kamfanin Sony ya fitar da PSP a Japan cikin watan Disamba na 2004, sannan ta bazu zuwa Amurka da Turai a 2005. Kamar kowace na'ura irinta, tana da manhajar tushe, wato umurnin da yake fara tashi idan an kunna ta, wanda shi ne yake yanke abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi. Sony ya tsara wannan manhaja ta yadda ba za ta gudanar da komai ba sai abin da yake ɗauke da hatimin kamfani. Ka biya kuɗinka ka sayi ɗaki, amma mabuɗin yana aljihun magini.

Ba a yi nisa ba masu tone-tone suka gano ɓaraka a manhaja mai lamba 1.50, suka fara shigar da nasu shirye-shiryen. Sony ya toshe, suka sake hudawa, ya sake toshewa. A 2006 wani ɗan ƙasar Sifaniya mai laƙabin Dark_AleX ya zo da dabarar da ta sauya lissafi: maimakon a riƙa gudun sabuwar manhajar kamfani, sai ya ɗauke ta ya yi mata kwaskwarima, ya bar duk amfaninta ya cire mai gadin ƙofa. A 2007 kuma aka fito da abin da aka kira batirin Pandora. An gano cewa idan aka sauya lambar shaidar da take cikin batir, na'urar za ta ɗauka tana hannun ma'aikacin kamfani ne, ta tashi daga katin memori maimakon daga cikinta. Da wannan aka riƙa tayar da na'urorin da suka mace. Sony ya gyara wannan rauni a samfurin PSP-3000, ya daina fitar da na'urar a 2014, ya saki manhajarsa ta ƙarshe, 6.61, a 2015. Ita ma ba ta tsira ba.

Ita PSP ɗin kanta ba ta da yawa a wajenmu. Wadda ake gani, galibi ta gwanjo ce da ta biyo kayan Kano ta hanyar Babura ko Maigatari. Na'urar wasa ta hannu da yaron Magarya ya sani ita ce wayar Android, Tecno ko Itel, wadda aka zuba wa PPSSPP. Wannan manhaja ce ta kwaikwayo da wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fara saki kyauta a 2012, kuma aikinta shi ne ta sa waya ta yi shigar PSP har wasan ya yarda yana gidansu. Saboda haka na'urar ta mutu a kasuwa, amma kurwarta tana yawo a aljihun yaranmu.

Garin neman gira

Na fara kula da wannan al'amari ne ranar da ɗan ƙanwata ya shigo gida da PSP ɗinsa a hannu, idonsa ya yi ja. Ya kai ta wurin wani mai gyara ne domin a sabunta mata manhaja, ana cikin zubawa batirin da ya riga ya kumbura ya yanke. Tun daga nan in an kunna ta sai koriyar fitila ta kama, allo ya tsaya baƙi ƙirin, can ta mutu. Turawa suna cewa irin wannan na'ura ta zama tubali, kuma sunan ya dace, domin ba ta da sauran amfani sai dai a danne takarda da ita.

Muka koma tare. Na ce wa mai gyaran, "Malam, me ya same ta?"

Ya ce, "Wallahi Baba, yadda nake yi wa kowa haka na yi mata. Kwananta ne ya ƙare."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma a nan matsalar take. Yadda yake yi wa kowa haka ya yi mata, alhali PSP ba guda ba ce. Akwai samfurin 1000, da 2000, da 3000, da Go, kuma abin da ya gyara wata yana iya kashe wata. Ƙa'idojin aikin ba su da wuya ga wanda aka yi wa bayani. A fara duba samfuri da lambar manhajar da take ciki. Kada a taɓa ƙwaƙwalwar na'ura sai batir ya cika kuma caja tana jone, balle a garin da wuta ba ta sallama in za ta tafi. A kwafe abin da yake kan kati kafin a fara. A gwada manhajar wucin gadi, wadda take gushewa in an kashe na'ura, kafin a dasa ta dindindin. Idan allo ya ƙi tashi, a danne maɓallin R yayin kunnawa, sau da yawa shafin ceto zai bayyana. Idan wasa ya nuna ya lalace, a fara zargin kati, domin kasuwa cike take da memorin jabu wanda yake faɗin girman da ba shi da shi, sannan a duba ko an ajiye wasan a jakar ISO kamar yadda ya kamata.

Ta yaron nan ta tashi daga baya a hannun wani, da yake tsohon samfuri ce mai karɓar dabarar batir. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai gyaran farko haziƙi ne, hannunsa yana da kyau, sai dai iliminsa hadda ce. Ya kalli bidiyo da Ingilishi ko Faransanci ko harshen da ba ya ji ko kaɗan, ya haddace inda ake dannawa, bai sami wanda zai gaya masa dalili ba. Mai hadda kuwa, ranar da aya ta sauya masa wuri, sai ya tsaya. Ga kuma ɗabi'ar ɓoye sani: wanda ya gano wata dabara sai ya riƙe ta kamar laƙanin gado, yaron shagonsa ya shekara uku yana kallon ƙeyarsa.

Sata ce ko gyara?

Ba zai yiwu a kauce wa wannan tambaya ba. Kamfanoni sun ce sata ce, kuma sun je kotu a kai. A 2010 babbar kotun Ingila ta haramta sayar da katin R4 da ake buɗe Nintendo DS da shi. A 2011 Sony ya kai George Hotz ƙara a Amurka saboda buɗe PlayStation 3. Suna da hujja: mafi yawan masu buɗe na'ura wasan kyauta suke nema, kuma wasa gumin mutane ne.

Amma mai karatu ya dubi al'amarin daga Dungas. Wane kanti ne Sony ya taɓa buɗewa a Damagaram da yaro ya ƙi zuwa? Da wane katin banki zai biya? Ko da yana da shi, kantin da yake cikin PSP an rufe shi tun 2016, kamar yadda Nintendo ya rufe na 3DS a watan Maris na 2023. Na'urar da mai ita ya saya da kuɗinsa, kamfani ya juya mata baya, faifanta ya daina samuwa, in ba a buɗe ta ba juji za ta tafi. A nan buɗewa gyara ce, irin gyaran da makanikinmu yake yi wa tsohuwar Peugeot da kamfaninta ya manta ya taɓa ƙera ta. Ban ga laifin wanda ya ƙi yarda a kashe masa kayansa daga nesa ba.

Sai dai kada wannan hujja ta yi mana daɗi fiye da kima. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin kwafar kaset na Indiya da Amurka a Kano, musamman a kasuwar Ƙofar Wambai, suka zama hanyoyin da finafinan Hausa suka bi suka yaɗu. Gaskiya ne. Amma waɗannan hanyoyi, da suka koma tura fim a memori, su ne suka karya kasuwar faifai ta Kannywood. Wuƙar da ta yanka wa baƙo ita ce ta juyo kan ɗan gida. A ɗaya gefen kuma ga Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan ƙasarmu, wanda waƙarsa ta yi ta yawo daga salula zuwa salula har ta shiga kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, daga nan duniya ta san shi. Memori ɗaya ne, hanya ɗaya ce. Bambancin shi ne Mdou ya zuba nasa a ciki.

Abin da muka tarar a ɗakin

Mu koma ga PES ta bana mu dube ta a matsayin aiki. Abin yabo a cikinta a fili yake. Ƙarama ce, tana tafiya a waya mai arha, ba ta bukatar intanet, ana tura ta hannu da hannu ba tare da an ƙona ko dala ba. Masu yi mata kwalliya sun san mutanensu fiye da yadda kamfani ya san su, domin sabon wasan kamfani yana son waya mai tsada da layi mai ƙarfi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma in ka ɗan jima kana kallo, ɗinkin yakan fito. Fuska ta bana ce, gudu na 2014 ne. Ɗan wasan da aka sani da wata irin yanka ta kansa, a nan yana juyi kamar kowa, saboda sunansa kawai aka liƙa a kan ƙashin wani. Muryar mai sharhi guntaye ce da aka tsinto, takan yi ihu inda ba a ci ba. Masu kwalliyar suna iya sauya riga da ciyawa da tambari, amma ba sa taɓa zuciyar wasan. Wannan ba aibi ba ne a gare su, iyakar abin da ƙofar ta ba su ke nan.

Aibin namu ne. A duk kwafin da ya biyo ta hannuna, na ga ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya da Saudiyya, ban ga Sahel ko AS FAN ko Espoir ta Damagaram ba. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, Musa Ma'azu ya sa mutane sun kwana a titi, amma yaron Wacha ko na Gushi ya fi sanin benci na Manchester City. Abin takaicin shi ne, wannan wasa yana da sashen da kowa zai iya ƙirƙiro ƙungiya ya raɗa mata suna, kuma rigunan da ake sauyawa hotuna ne kawai a cikin jaka. Haka kalmomin da suke fuskar PPSSPP: rubutu ne a fayil guda wanda ƴan sa-kai suke fassarawa zuwa harsunansu. Na bi jerin harsunan a wayar yaron nan tun daga sama har ƙasa, ban ga Hausa ba. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Doka tana iya ba harshe kujera, amma ba ta iya shigar da shi cikin abin da yaro yake riƙe da shi sa'a uku kowace rana. Wannan aikin hannu ne, kuma bai fi ƙarfin ɗalibin lise guda mai haƙuri ba.

Ba ina cewa gobe a wayi gari da wasan kokowa wanda aka ƙera a Magarya ba, ko da yake ƙasar da take tsayawa cik saboda gasar takobi ta cancanci hakan. Ƙera wasa daga tushe yana son kuɗi da shekaru. Abin da nake nufi ya fi wannan kusa: ɗan littafi na Hausa mai shafi ashirin da zai gaya wa mai gyara dalilin kowane mataki, fassarar fuskar manhaja, rigar Mena da ta ƙungiyoyin gida, muryar mai sharhi irin wadda muka saba ji a rediyo. Yaron Indonesiya da ya yi nasa ba shi da abin da namu ba su da shi, in ban da cewa ya ɗauki na'urar a matsayin allon rubutu, mu kuwa muka ɗauke ta a matsayin akushi.

Masu gyaranmu sun riga sun yi rabin aiki, kuma rabi mai wuya: sun cire wa jama'a tsoron na'ura, sun nuna cewa abin da mutum ya kulle mutum yana iya buɗewa. Saura su, da malaman makaranta, da mu masu rubutu, mu tambayi kanmu abin da za mu ajiye a ɗakin. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara, ko da kuwa kowace shekara ana sake masa rini.