Magani da Mutunci a cikin Ruwan Bagaja da Jiki Magayi

Gabatarwa

A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, littattafan kuma suka fara fitowa a 1934. Biyu daga cikin littattafan wannan zamani, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Jiki Magayi na John Tafida da East, an gina su ne a kan tafiyar neman magani. Manazarta sun fi mayar da hankali ga jigon jarunta da raha a na farko, da jigon soyayya da ramuwa a na biyu. Wannan maƙala kuwa za ta duba irin cutar da ta fitar da kowane tauraro daga garinsu, da abin da hakan yake nunawa game da yadda Bahaushe ya ɗauki lafiya.

Lafiya da Magani a Wurin Bahaushe

Kalmar lafiya ba ta tsaya ga jiki kaɗai ba. Ana cewa gari yana zaune lafiya, ana cewa ma'aurata sun rabu lafiya, in kuma baƙo ya yi sallama da tsakar dare, tambayar farko ita ce ko lafiya. Haka ma magani. Akwai na zazzaɓi da na shawara, akwai kuma na farin jini da na ƙarfe da na mallaka. Sammu da kurciya ma a cikin magani ake lissafa su, alhali cutarwa suke yi. Masu ba da shi ma iri-iri ne: boka da wanzami da maɗori da ungozoma da 'yar mai ganye da malamin tsibbu. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi, ya tabbatar da wannan faɗin ma'anar lafiya a littafinsa na 1988. Amma tun fiye da shekara 50 kafin haka marubutan nan suka nuna shi a cikin labari.

Ruwan Bagaja

Ɗan Sarkin Kwantagora ne ya kwanta ciwo. Liman, mijin uwar Alhaji Imam, ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, sai aka yi masa ba'a a fada. Wannan wulakanci ne ya sa Alhaji ya ɗauki alkawarin sai ya samo ruwan. Ke nan ba tausayin majinyaci ne ya tayar da shi ba, zubewar mutuncin uban riƙonsa ce. Majinyata biyu ne a littafin: Yarima, wanda ciwonsa yake a jiki, da Liman, wanda ciwonsa yake a idon jama'a. Da ruwan ya iso, duka biyun ya warkar, domin tashin Yarima shi ne shaidar cewa Liman bai yi ƙarya ba.

A nan ne kuma rauni ɗaya na littafin yake. Da zarar an kama hanya, marubucin yakan bar majinyaci a baya, ya shagala da wasan kura da ke tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, gari bayan gari. Shekaru da dama suna wucewa ba a waiwayi halin da Yarima yake ciki ba, balle a ji zullumin iyayensa ko wahalar masu jinyarsa. Jinya kuwa babban abu ce a rayuwar Hausawa: dubiya da sannu da kai kunu da zama a gefen shimfiɗa. Imam ya ba mai karatu raha mai yawa, amma ciwon ya zama dalilin tafiya kawai, ba abin da ake ji a zuciya ba.

Jiki Magayi

A wannan littafi cutar farko ita ce rashin haihuwa. Malam Shehu attajiri ne a Galma, yana da dukiya da mata amma ba shi da magaji, kuma a wurin Bahaushe wannan rashin lafiyar gida ne. Maganin da ya nema wa kansa shi ne auren Zainabu, wadda mafarki ya nuna masa za ta haifa masa ɗa. Da ƙarfin dukiya ya raba ta da masoyinta Abubakar. Ya sami ɗan, aka kira shi Kyauta, amma warakarsa ta zama ciwon wani.

Shi ma Abubakar ya shiga duniya neman magani kamar yadda Alhaji ya yi, da naci da juriya iri ɗaya, sai dai nasa na ramuwa ne. Abin lura shi ne maganin bai sa wa Kyauta kuturta ko makanta ba. Halinsa ya lalata, ya mayar da shi ɓarawo. Wanda ya yi sammun ya san inda ya fi yi wa attajiri zafi, wato sunan gidansa. Daga ƙarshe hannun ɗan da aka yi ta nema ne ya zama ajalin uban. Wannan ya sa Jiki Magayi ya fi Ruwan Bagaja zurfi ta wannan fuska, ko da yake bai kai shi armashin harshe ba: ya bi diddigin cuta tun daga zaluncin da ya haife ta har zuwa barnar da ta yi wa gida biyu.

Kammalawa

In aka gwama littattafan, za a ga tafiya iri ɗaya ta kai ga sakamako biyu masu karo da juna. Alhaji ya nemo magani don ya ɗinke abin da ya yage tsakanin Liman da fada, sai ya dawo da ɗaukaka. Abubakar ya nemo nasa don ya huce haushi, bai kuwa sami natsuwar da yake nema ba. Duka biyun sun nuna cewa ciwon da ya fi tayar wa Bahaushe hankali shi ne wanda ya taɓa matsayinsa a cikin mutane.

Wannan darasi ya wuce ajin adabi. Likita ko malamin asibitin da ya ga majinyaci ya karɓi allura da safe ya nemi rubutun sha da yamma, kada ya yi saurin kiransa jahili. Sau da yawa allurar tana amsa tambayar mene ne ya kama shi, rubutun kuma yana amsa tambayar me ya sa shi ne ya kamu, kuma wa ke tare da shi. Malamin da ke koyar da waɗannan littattafai zai kyauta in ya nuna wa ɗalibansa wannan fuska tasu.