Kafin Almakashi Ya Taɓa Leshi

Da zarar an kwashe shinkafa daga fadamun Rima kuɗi suka shiga hannu, sai bukukuwa su tashi a Augie da ƙauyukanta, musamman idan azumi ya matso, kowa na son a kai amarya kafin a ga wata. A irin wannan lokaci, bayan uwar amarya, babu wadda ake wa sintiri kamar maɗinkiya. Masu taka keke suna da yawa. Amma wadda za ta dubi yarinya sau ɗaya ta san ɗinkin da zai fito da ita, ba kowace unguwa ke da irinta ba, kuma aikinta ya cancanci a tsaya a duba.

'Yan matan yanzu da hoto suke zuwa. Yarinya ta ciro shi daga Instagram, wata amarya ce a Abuja sanye da doguwar riga mai kama jiki, ta ce irin wannan take so. Gwanar ba ta musu. Za ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "To ɗiyata, miƙe in gan ki. Taka zuwa bakin ƙofa ki dawo." Kafin ta ɗauko tef ta riga ta ga faɗin kafaɗa, tsawon wuya, inda ƙugu ya zauna, da yadda yarinyar ke ɗaukar jikinta. Awo tabbatarwa ne kawai.

Daga nan hukunci yake fitowa. Gajeriya ba a yanka mata riga a tsakiya da faffaɗar tattara, don zai raba ta biyu ya ƙara dusashe tsawonta. Ana nema mata atamfa mai ƙananan zane, a juya zanen ya bi tsaye, a bar rigar ta sauka tun daga ƙasan ƙirji ba tare da katsewa ba. Doguwa siririya ita ce mai ɗaukar manyan furanni da hannu mai buɗewa da tattara iya son ranta. Mai jiki kuwa, kuskuren da aka fi yi mata shi ne a matse ta da nufin ta rage, alhali matsi shi ke tona abin da ake son ɓoyewa. Yadi mai zubowa take buƙata, da wuya mai ɗan tsini zuwa ƙasa, a kuma rage duwatsu a ƙirji. Mai faɗin kafaɗa ba a ɗora mata hannu mai kumburi. Launi ma da nasa: baƙar mace tana haskawa cikin ruwan zuma, ruwan ƙwai da shuɗi mai haske, wankan tarwaɗa kusan komai na karɓarta, fara kuma launi mai duhu ne ke fito da ita. Gwanar takan tuna cewa amarya za ta sha dilka da lalle, fatar da take gani yau ba ita za ta shiga taro ba.

Inda na fi sara mata shi ne gwajin zama. Idan an zo gwaji, ba ta yarda amarya ta tsaya gaban madubi kawai. Sai ta ce ta zauna a tabarma, ta durƙusa, ta ɗaga hannu ta gyara mayafi. Amaryar ƙasar Kabi ba a tsaye take yin biki ba. A ƙasa za ta zauna ranar kamu, a gwiwa za ta gaida iyaye da surukai, ta shiga mota a matse tsakanin gwaggo da ƙawaye. Siket ɗin da ya tsuke har gwiwa yana da kyau a hoto, amma ranar da zif ya ɓalle a gaban dangin miji, ba wanda zai tuna hoton. Saboda haka ne take barin rarar yadi a cikin ɗinki, domin jikin amarya yana canzawa a makonnin ƙarshe, wata ta rame don zirga-zirga, wata ta ciko don gyaran jiki. Kuma tana lissafa zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, leshi mai nauyi da shafin roba a irin wannan rana azaba ne. Shafin auduga take sawa.

Kowane zama da kayansa. Kamu ya fi son atamfa ko saƙi, walima ta fi son bubu ko doguwar riga mai sutura da babban mayafi, ranar kai amarya kuwa zani da lulluɓi ne, ko lafaya da ta shigo mana daga Barno. Farar rigar Turawa sai gidan da ake yin dina. Mai hankali takan fara duba akwatin lefe kafin ta je kasuwa, don sau da yawa abin da ake nema yana ciki.

To ina ake saye? Kasuwar Argungu, hedikwatar masarauta, ta wadatar ga atamfar anko da kayan fitar yau da kullum. Mai neman leshi da shadda masu daraja takan wuce babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko ta nufi Sakkwato, tunda Augie na kan iyaka da jihar. Ana kuma samun kayan da ke biyowa ta Kamba daga Kwatano. Amma uwa-uba Kantin Kwari ce a Kano, inda yawancin 'yan kasuwarmu ke sari. Tafiyar tana da nisa, ba ta biyan kuɗin mota sai idan za a haɗa lefe gaba ɗaya ko ankon mutane da yawa. Don turmi biyu, gara a tsaya gida.

Sanin yadi shi ma ilimi ne. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma gwana takan so a bar mata shi cikakke don ta haɗa zane da zane a wurin ɗinki, fure kada ya yanke a tsakiyar baya. Atamfar Holan ta asali kamfanin Vlisco ke yin ta a garin Helmond, kamfanin da aka kafa a 1846, kuma zanenta yana fita a fuska biyu kusan daidai, ga suna da lamba a bakin zanin. Shaddar gezna daga kamfanin Getzner take a Ostiriya. Dukansu ana kwaikwayonsu, kuma tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe, atamfar Sin ce ta cika kasuwa. Ba laifi ba ne a saye ta, akwai masu kyau a ciki, laifin shi ne a biya kuɗin Holan a kanta. Gwanar takan murza gefen yadi tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi, ta jiƙa farin ƙyalle ta goga ta ga ko yana zuba. Leshi kuma ta juya bayansa, nan ake gane ko duwatsun ɗinka su aka yi ko manna su.

Shi ya sa tsarin da aka saba, a sayo yadi sannan a kai wa maɗinkiya, a ganina a juye yake. Ita ya kamata a fara gani, ta faɗi irin yadin da adadinsa, in da hali ma a roƙe ta ta raka ku kasuwa.

Uwar amarya, ki kai ɗinki aƙalla wata guda kafin biki, ki nemi a yi gwaji saura mako biyu, kuma kada ki ja da maɗinkiya a kan kuɗin aikinta bayan kin kashe ninkinsa a kan leshi.