Cinikin Biri a Sama: Wasan da Ka Biya, Amma Ba Naka Ba

Duk wanda ya san kasuwar Utaibiyya a goman ƙarshe na azumi ya san yadda mutanenmu ke haɗa tsaraba. Jallabiya, abaya, turare, dabino, agogo, duk abin da za a ɗaure a jaka a bai wa mai tafiya Kano ko Maraɗi. Shekaru da dama akwai wani abu da ke shiga cikin jakar nan ba tare da an lura da shi sosai ba, wato faifan wasan bidiyo, wanda yaranmu da aka haifa a nan suke kira shariɗ. Yaro ya buga shi wata shida ya gaji, sai a miƙa wa ɗan ƙanin babansa a gida, shi ma ya buga ya bai wa na ƙasa da shi, daga ƙarshe faifan ya ƙare a wani gidan gem na unguwa yana kawo wa wani kuɗin cefane. Kuɗi ɗaya aka biya, gida huɗu suka amfana.

To, ɗan uwa mai karatu, wannan hanyar ce kamfanonin wasa suke toshewa a hankali, kuma a ganina mu mazauna ƙasar waje mu ne muka fi kowa asara a ciki. Ko da ba ka taɓa riƙe hannun Sony ba, in dai kana da ɗa ko ƙane da ke roƙonka ka saya masa katin istor, maganar nan ta shafe ka, domin aljihunka ne.

Bari mu fara da yadda abin ya faro. A watan Yunin 2013, kamfanin Microsoft ya sanar da cewa na'urarsa Xbox One za ta zo da sharuɗɗan da za su takura sayar da faifai na hannu da kuma aronsa. Duniya ta yi masa caa. Sony ya samu abin da yake so, har ya saki wani ɗan gajeren bidiyo na tsokana, inda manyan ma'aikatansa biyu, Shuhei Yoshida da Adam Boyes, suka nuna yadda ake bai wa aboki aron wasa a PS4: wannan ya miƙa faifai, wancan ya karɓa ya yi godiya, shi ke nan. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye. Mutane suka ɗauka sun yi nasara.

Ashe kamfanonin darasi suka koya, cewa ba a ƙwace abu da ƙarfi, lallaɓawa ake yi. A Nuwamban 2020 PS5 ta fito iri biyu: mai cin faifai a kan dala 499, marar ramin faifai a kan dala 399. Xbox Series S, wadda ba ta san faifai ba sam, dala 299. A ƙarshen 2023 Sony ya mayar da ramin faifan wani abu daban da ake saye a maƙala, kusan dala 80. A Nuwamban 2024 PS5 Pro ta zo a kan dala 700, kuma duk tsadarta babu ramin faifai a jikinta. Shi kuwa Nintendo, da ya fito da Switch 2 a Yunin 2025, sai ya kawo wani sabon salo: kati ne a cikin kwali kamar na da, amma wasu katunan babu wasan a ciki, mabuɗi ne kawai da zai ba ka izinin saukewa daga intanet. Yau rahotannin Sony da kansa suna nuna sama da kashi 70 cikin 100 na cikakkun wasannin da ake saye a PlayStation ta intanet ake sayensu.

Kada mu zalunce su, sayen ta intanet yana da daɗinsa. Faifai yana karcewa, yara suna ɓatar da shi, zafin Makka da ƙurar gida ba sa raga masa. Akwai lokutan rangwame da wasa ke faɗowa ƙasa da rabin kuɗinsa. Ƙananan masu ƙirƙira, waɗanda ba su da jarin buga faifai da rarraba shi ƙasa-ƙasa, ta wannan hanyar ce suke isa ga jama'a. Kuma faifan yanzu ma sau da yawa sai ka sauke masa gyara kafin ya tashi da kyau. Duk na yarda da wannan. Inda na ƙi yarda shi ne kalmar da suke rubutawa a kan maɓallin biya. Sun rubuta saye, alhali a cikin dogon sharaɗin nan da ba wanda ke karantawa sun ce izinin amfani kawai suka ba ka, kayan yana nan nasu.

Idan kana ganin wasa da kalmomi ne, dubi abin da ya faru da wasan tseren mota mai suna The Crew na kamfanin Ubisoft. Ya fito a 2014. A Disamban 2023 aka cire shi daga kasuwa, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe na'urorin da ke riƙe da shi, ya mutu murus. Har wanda yake da faifansa bai tsira ba, saboda an gina wasan ne yadda ba ya motsi sai da intanet. A wannan Disamban na 2023 Sony ya sanar da cewa zai goge shirye-shiryen tashar Discovery daga asusun mutanen da suka riga suka biya kuɗinsu, sai da aka yi ta surutu sannan ya sake shiri da masu shirye-shiryen ya fasa. Nintendo ya rufe shagon intanet na 3DS da Wii U a Maris 2023. Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ke tilasta wa masu sayarwa su gaya wa mai saye ƙarara cewa izini yake biya ba mallaka ba. A Turai kuma, yunƙurin Stop Killing Games da Ross Scott ya fara bayan mutuwar The Crew ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a 2025. Turawan da suke da kotu da majalisa a bayansu ke nan suna kuka, ina ga ni da kai?

Sannan ga maganar farashi. An ce mana in babu kuɗin roba da kwali da dako, wasa zai yi sauƙi. Ina! A 2020 manyan wasanni suka tashi daga dala 60 zuwa 70. A 2025 Mario Kart World ya zo da dala 80, wato riyal 300 cif a canjin 3.75. Dalili a fili yake. Faifai yana da masu gasa: Jarir yana sayarwa, eXtra yana sayarwa, mai ƙaramin shago yana sayarwa, ga na hannu a Haraj, kana iya taya wa a rage maka. Amma tun Afrilun 2019 Sony ya hana shaguna sayar da lambobin sauke wasanninsa. Ka sayi na'ura marar faifai, to kasuwarka shago ɗaya ce tak, mai shagon shi ne mai na'urar, shi ke yanka farashi, kuma yana cire kusan kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki. A kan wannan ne ma aka maka shi a kotu a Ingila a 2022. Dala 100 ɗin da ka ga kamar ka rage ranar sayen na'ura, a wasa uku ko huɗu za ka mayar masa da ita. Ita kanta na'urar ta daina bin al'adar da muka sani. PS2 ta fito a shekarar 2000 a kan dala 299, kafin 2009 ta ƙare ta dawo 99. PS5 kuwa, bayan shekara biyar, a Agustan 2025 ƙara mata dala 50 aka yi a Amurka.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar mu. Baturen da ke zaune a ƙasarsa, a nan aka haife shi, a nan zai tsufa, asusunsa yana wuri ɗaya. Mu kuwa zamanmu a kan iƙama yake. Kowa ya tuna yadda harajin iyali, wanda ya fara da riyal 100 a wata a kan kowane mutum a Yulin 2017 ya kai riyal 400 a 2020, ya sa gidaje da yawa suka tattara mata da yara suka mayar gida. Wani aiki ne ya ƙare, wani kafili ne ya canza ra'ayi. Idan tafiya ta zo, abin da ke hannu shi ake sayarwa ko a ɗaure. Firij ana sayarwa, na'urar sanyaya ɗaki ana sayarwa, faifai ashirin ma ana sayarwa a samu na guzuri. To wasa ashirin da ke cikin asusu fa? Ba a sayar da su, ba a kyautar da su, sharaɗin kamfani ya hana.

Za ka ce ai asusun zai bi yaro gida. Zai bi shi, amma da ɗingishi. Ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe asusun PlayStation ba ta canzuwa har abada. Najeriya da Nijar kuwa ba sa cikin jerin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa, a nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ke ciki. Wannan ya fito fili a Mayun 2024, lokacin rikicin wasan Helldivers 2, da aka wayi gari an daina sayar da shi a kwamfuta a ƙasashe sama da 170 da ba su da wannan hidimar. Saboda haka yaron da ya koma Katsina da asusun Saudiyya sai ya riƙa neman wanda zai turo masa katin Saudiyya daga nan. Kuma a ce na'urar ta lalace ya samu wata, sai ya sake sauke komai. Akwai wasannin da suka haura gigabait 100. Lissafa wannan da kuɗin data a Najeriya, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025, ka haɗa da wutar da za ta ɗauke ana tsakiyar saukewa. Masu gidan gem na Kano sun fi kowa sanin wannan ciwon tun daga 2021, da Konami ya mayar da PES ta koma eFootball, wadda ba a buga ta a faifai.

Har gado abin ya taɓa. A 2024 aka tambayi kamfanin Valve, mai shagon Steam, ko mutum zai iya barin wasiyyar asusunsa ga magadansa, ya ce asusu ba ya sauya hannu. Mutum ya zuba dubban riyal cikin shekara goma, ranar da ya faɗi ba abin da za a lissafa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma rami na biyu da katin istor ke faɗawa, wato sayayyar cikin wasa. Wasan ƙwallon da yaranmu suka fi so, wanda ya bar sunan FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, yana sayar da ƙunshin 'yan wasa a rufe: ka biya, ka buɗe, ko ka dace ko ka tashi a tutar babu, shekara na zagayowa sabon wasa ya fito a koma farko. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. A Disamban 2022 kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Goron sallar yaro ke nan yake narkewa a cikin dare ɗaya.

Kuma kada ka ɗauka wannan harka tana nesa da mu. Ƙasar da muke zaune ta shiga ciki da ƙafa biyu. A Satumban 2022 aka sanar da riyal biliyan 142 da kamfanin Savvy na asusun zuba jarin gwamnati zai kashe a harkar wasanni. A 2023 ya sayi Scopely a kan dala biliyan 4.9. A 2024 Riyad ta karɓi gasar wasannin bidiyo ta duniya mai kyautar sama da dala miliyan 60. A Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen EA ɗin nan dai, mai wasan ƙwallo, a kan dala biliyan 55, asusun Saudiyya yana cikin masu saye. Yaronka zai ga wasa a allon talla, a makaranta, a bakin abokansa. Hana shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma ban ce a hana ba. Wasa ne da ke haɗa ɗan Jarwal da ɗan uwansa na Fagge su buga ƙwallo tare alhali ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, wannan ba ƙaramin zumunci ba ne.

Abin da nake kira gare shi shi ne mu sayi abu da idonmu a buɗe. In za ka saya wa gidanka na'ura, ƙara ɗan abin da ya rage ka ɗauki mai cin faifai, ko don ka samu damar na hannu da musaya da aikawa gida. Wasan da ake bugawa shi kaɗai, mai labari, a saye shi a faifai. Na intanet a jira rangwame, a biya shi da sanin cewa haya ce, kada a ba shi kuɗin mallaka. Babba ya buɗe asusun da imel ɗinsa, ya buɗe wa yaro na yara a ƙarƙashinsa, ya ƙayyade abin da zai kashe a wata, kada a bar katin banki a liƙe a ciki. A guji masu sayar da asusun haɗaka a WhatsApp da Instagram da arha mai ban mamaki, domin ranar da mai asusun ya canza lambar sirri, ko kamfani ya rufe shi, ba inda za ka kai ƙara. In an yi kuskuren saye, Sony yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 ne kawai, shi ma in ba a fara saukewa ba, don haka a koya wa yara su tsaya su tambaya kafin su danna.

Kamfanonin nan suna jin magana idan ta taɓa ciniki. Sun ji a 2013. Sony ya sake ji a 2021, da ya fasa rufe shagon PS3 da Vita bayan jama'a sun yi ƙorafi. Muddin ana sayen na'ura mai faifai za su ci gaba da ƙera ta, ranar da aka daina kuwa za su ce mu ne muka zaɓa. Lokacin da yaronka ya sake zuwa da maganar katin riyal ɗari biyu, zaunar da shi ka tambaye shi: Baba na, in muka tashi komawa gida, wannan abin da za ka saya, a wace jaka za mu sa shi?