Jigon 'Yanci a Fim ɗin The Matrix: Taƙaitaccen Tarke

Fim ɗin The Matrix ya fito a Amurka a shekarar 1999, kuma 'yan gidan Wachowski su biyu ne suka rubuta shi, suka ba da umarni. Labarin ya nuna wani zamani da na'urori suka ci ɗan'adam da yaƙi, suka kwantar da mutane cikin wasu tukwane masu ruwa suna tatsar makamashi daga jikinsu, sannan suka haɗa ƙwaƙwalwarsu da wata duniyar ƙarya ta kwamfuta. Mutum yana ganin kamar yana zuwa aiki, yana cin abinci, alhali kuwa barci yake yi.

Babban jigon fim ɗin shi ne 'yanci. Morpheus ya miƙa wa tauraron labarin, wato Neo, ƙwayoyi biyu: ja za ta farkar da shi, shuɗiya kuwa za ta bar shi cikin mafarkinsa. Neo ya ɗauki ja ba tare da dogon tunani ba, don haka zaɓinsa bai koya mana abu mai yawa ba.

Inda jigon ya yi nauyi shi ne wurin Cypher. Shekara 9 ya yi a farke, cikin sanyi da tsoro da cin wani abinci mai kama da kunu. Daga ƙarshe ya zauna da Smith, wakilin na'urorin, yana cin naman da ya san na ƙarya ne, ya nemi a mayar da shi barci. Hausawa kan ce gaskiya ɗaci gare ta. To, wanda ya ɗanɗana ɗacin ya ce ba ya so, yana da 'yancin ƙi?

A nan ne fim ɗin ya gaza. Maimakon ya amsa wannan tambaya, sai ya mayar da Cypher maci amana mai kashe abokansa, ta yadda mai kallo zai tsane shi ya manta da hujjarsa. Haka kuma, a wurin ceto Morpheus, Neo da Trinity sun harbe masu gadi da dama, waɗanda su ma bayin na'urorin ne da ake cewa za a 'yanta. An ƙawata wannan kisa da kiɗa da tafiyar hawainiyar hoto, babu wanda ya yi juyayinsu.

Saboda haka, ɗalibin da zai yi nazarin wannan fim ya kamata ya raba jigon da aka furta da baki da wanda hoto ya nuna. Baki yana maganar 'yantar da kowa, hoto kuwa yana ɗaukaka 'yan tsirarun da suka farka kuma suke riƙe da bindiga.